Tukunyar da Rairayi Ya Cinye

A Gure aka haife ni, zamanin Nasara, cikin gidan zana da ɗakunan ciyawa. Wuta kuwa ba baƙuwa ba ce gare mu da rani. In ta ci gidan mutum, unguwa ce ke tada shi: wannan ya kawo zana, wancan ya saro itace, mata su auno hatsi. Abin da unguwa ba ta iya mayarwa shi ne azurfa da murjani. Wannan, kowace mace ita ta san inda za ta kai nata.

Matan gari wajen wata tsohuwa Babarbariya suke kai ajiya, mai ɗakin ƙasa. Innata kuwa baƙuwa ce, daga Damagaram aka kawo ta, ƙasar duwatsu. Tana da mundayen azurfa da murjani da uwarta ta bari, ba ta da komai na uwar sai su. Zuciyarta ba ta ba ta ta miƙa su ga wadda ba dangi ba. Sai ta yi yadda ake yi a garinsu: ta sa su cikin tukunya, ta liƙe bakin da yumɓu, ta binne a garkarmu, wato lambunmu, gindin tudun rairayi.

Shekaru suka shige, wuta ta zo ta ci gidanmu. Inna ko hawaye ba ta yi ba. Da aka tada mana ɗakuna, ta ɗauki sakaina muka nufi garka.

Ta tona har hantsi ya yi zafi, babu komai. Tsohuwar nan ta ji labari, ta taho tana dogara sanda.

"A ina kika ce, ɗiyata?"

"Gindin tudu, Iya."

"Wane gindin? Na bana ko na bara? Tudun garinku zaune yake. Namu ya fi Bafillace yawo!"

Mata suka fara dariya, suka dubi fuskar Inna, suka haɗiye. Ashe tudun ya taso a hankali ya hau kan wurin, tsayinsa ya fi ɗaki.

Tsohuwar ta ajiye sanda, ta ɗaure zane, ita ta fara durƙusawa. Matan unguwa suka bi ta da ƙorai. In an kwashe ƙwarya guda, biyu su zubo. Haka aka yi ta yi har gwiwoyi suka saluɓe, ana dawowa kowace safiya, albasar mutane na bushewa ba mai ban ruwa.

Inna ce ta tsai da su. Ta miƙe, ta kakkaɓe zanenta, ta ce, "Ya isa, ku koma garkunanku. Inda uwata take, can kayanta suka bi ta."

Ta kama hannun tsohuwar ta tashe ta, ta jawo guga ta wanke mata ƙafafu.