Ciwon Kan da Bai Faɗa Ba

Shekara ashirin da biyu ta yi tana guga a ɗakin wanki na wani otal, can ƙarƙashin bene inda tururi ke jiƙa bango. Mai Guga ake kiranta. Ciwon kai kuwa abokin zamanta ne: in ya taso sai ta ƙara tamke ɗankwali ta ci gaba da aiki. Mijinta, mai gyaran famfo, har tsokanarta yake yi.

"Wata rana sai kin raba kan nan biyu."

"In ya rabu ka liƙe shi da gam ɗinka, maigida. Ko aikin naka ma na ƙarya ne?"

Ranar wata Talata da hantsi ta dawo gida, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce wa mijin kanta kamar an buga mata guduma. Ta tamke ɗankwali, sannan ta dafe ƙirji ta zube a bakin ƙofa.

A asibiti aka tambaye shi me ya same ta. Ya ce, "Ƙirjinta ne." Zancen kai bai ko zo masa ba, abu ne na kullum. Na'ura ta nuna zuciya ta yi rauni, aka ba ta maganin tsinka jini. Sai bayan awa shida, da ta ƙi farkawa, aka ɗauki hoton kanta.

"Baba, jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwarta," in ji likita. "Firgicin da jiki ya shiga shi ya sumar da naman zuciyar, ba toshewa ba ce. Maganin da muka ba ta ya ƙara zubar jinin. Ba ta ce kanta na ciwo ba?"

Mijin ya tuna maganar gudumar. Shi da yake faɗa wa masu gida kullum cewa inda ruwa ya ɓullo ba nan bututu ya fashe ba.

"To a yi mata aiki mana."

"Zuciyar ba za ta ɗauka ba tukuna. Irin wannan zuciyar takan farfaɗo, amma tana son kwanaki. Kan kuma ba ya jira."

Rana ta sha ɗaya zuciyar ta dawo daidai, tana bugawa kamar ta budurwa. Likita ya nuna masa a allo, sannan ya haska idon matar da tocila. Ƙwayar idon ba ta motsa ba; kan bai jira ba.

Yana nan zaune gefen gadon, da ɗankwalin a cinyarsa. Har yau bai kwance ƙullin ba.