Ranar Da Zaure Ya Cika

Ranar Lahadin nan Shiori ta riga mahaifinta Kuramochi tashi. Da Kuramochi ya fito da ƙarfe shida, ya tarar ta dafa shinkafa, ta gasa kifi, tana gaban madubi tana karkato gashinta ya rufe gefen kanta na hagu. Da ya tambaya, ta ce jiya wajen jera kayan dandamali ne wani katako ya sauko ya same ta. Ya ɗaga gashin da yatsa. Kumburin bai kai ƙwan tantabara ba.

Shekararta talatin da ɗaya a lokacin, goma sha ɗaya daga ciki ta yi su ne a wata ƙaramar ƙungiyar wasan kwaikwayo na waƙa da rawa a unguwar Shimokitazawa, a zauren ƙarƙashin ƙasa mai kujera ɗari da ashirin. Ba tauraruwa ba ce. Muryarta tsaka-tsaki ce, sai dai ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa manta baiti ba. Kamar kowane ɗan wasa, ana danƙa mata rabonta na tikiti ta sayar, abin da ya yi kwantai ta biya daga aljihunta, shi ya sa take aikin safe a gidan burodi. Kuramochi, wanda ya yi ritaya daga koyar da kimiyya, biyu yake saya kullum: ɗaya nasa, ɗaya na kujerar da marigayiya matarsa ta saba zama.

A wannan karon wasan ya karɓu. Ranar ce ta rufewa, tikiti ya ƙare ƙarƙaf, har Shiori ta roƙe shi ya maido na mahaifiyarta ta sayar. Kuma wani jami'in babban gidan wasa zai zo ya gani ko za su ɗauki wasan. Ƙungiyar ba ta da ƙarfin ajiye mai maye gurbi. Mutum ɗaya ya fasa, an soke wasa, an maida wa kowa kuɗinsa.

Da ƙarfe takwas ta haɗiyi maganin ciwon kai, ta bar rabin shinkafarta. Ya ce su biya asibiti.

"Baba, yau Lahadi. Kafin layi ya zo kaina an ɗaga labule. Kai ma ka san ba a barin gurbi a dandamali."

Ya ce mata kai ba idon sawu ba ne.

"Kan nan naka na gada," in ji ta. "Katakon za ka tausaya wa."

A jirgin ƙasa na ƙarfe goma ta yi barci a kafaɗarsa, abin da rabonta da yi tun tana firamare. Da ta farka ta tambaye shi ko ta kulle gida. Ya ce shi ya kulle. Bayan tasha biyu ta sake tambaya.

Sun tarar da Hatano, shugaban ƙungiyar, yana manna takardar "babu sauran kujera" a bakin matakala, yana shafa ta da tafin hannu kamar mai lallashin jariri. Kuramochi ya ja shi gefe ya faɗa masa abin da ya gani, a jere, ba ƙari. Hatano ya kira ta ya tambaya. Ta yi dariya, ta juya sau biyu a kan ƙafa ɗaya ta nuna masa. Hatano ya rusuna ya yi alkawarin ana sauke labule shi da kansa zai sa ta a tasi zuwa asibiti. Kuramochi ya lura da saurin da hankalin mutumin ya kwanta. Tsohuwa Okubo mai yage tikiti a ƙofa ta leƙa fuskarta ta ce, "Shiori 'yata, fuskarki ta yi fari fat, yau ba kya buƙatar hoda."

An fara da ƙarfe ɗaya. Bai taɓa ganin zauren haka ba: gwiwa na gogar gwiwa, iska ta yi nauyi, wani baƙon saurayi a kujerar matarsa. Shiori ta fito a matsayin ƙanwar mai masauki. Bayan hutun tsakiya, tana cikin waƙarta, maficin da ke hannunta na dama ya suɓuce. Ta sunkuya ta ɗauka, ya sake faɗuwa. Zaure ya fashe da dariya, an ɗauka cikin wasan ne. Shi kuwa wannan ne zuwansa na shida, ya san babu wannan a ciki. Ya dubi hanyar fita. Kujerun ƙari da aka jera sun toshe ta. Ta kai waƙar ƙarshe, baiti bai ɓace ba.

Bayan an gama tafi, aka bar shi ya shiga bayan labule. Hatano yana raba jan ambulan da ake ba kowa ranar da zaure ya cika, mai ɗauke da tsabar kuɗi ta yen biyar. Shiori ta karɓa da hannu biyu, ta rusuna. Sannan ta zauna a ƙasa ta jingina da bango.

"Baba, bari in ɗan huta kafin tasin ya zo."

A asibiti likita ya ce jini ne yake taruwa a ƙarƙashin ƙoƙon kai tun ranar Asabar, kuma a irin wannan mutum yakan yi ta hira lafiya lau kafin ya faɗi. Ta rasu ranar Talata da safe. Babban gidan wasan ya ɗauki wasan. Wata yarinya ce take waƙar ƙanwar mai masauki yanzu, an ce muryarta ta fi.

Kayan ɗakinta ba su da yawa. Tufafin ya ba ƙawarta ta gidan burodi. Takalman rawa ya kai wa Okubo ta ba duk wadda suka yi wa daidai. Tikitin da suka yi kwantai tsawon shekarun nan, cike da kwalin takalmi biyu, ya ɗaure su da igiya ya fitar ranar kwashe sharar takardu. Jan ambulan ɗin ya so ya sa mata a akwatin gawa, amma da yake ƙona gawa ake yi a can, masu aikin suka ce ƙarfe ba ya shiga. Sai ya buɗe, ya zare tsabar, ya sa takardar a hannunta na dama. Tsabar tana gaban hotonta, kusa da na mahaifiyarta.