Kwabon Inna a Kasuwar Khan Khalili

Abbasiya

Ana idar da sallar Asuba na fito daga ɗakinmu na ɗalibai a unguwar Abbasiya, kwabon Inna ƙulle a hankici. Na jan ƙarfe ne, mahaifinta ya zo da shi daga Hajjin ƙasa. Shekara arba'in tana jiƙa shi a ruwa ta ba mu in zazzaɓi ya kama mu, wai aya ce a jikinsa. Da zan baro Damagaram ta ce, "Ka nemo mai karanta min shi tun ina raye." Ni kam ɗan Larabcina ya kasa.

Kuɗin bas zuwa dandalin Ataba kirshi biyar, minti ashirin a tsaye, ƙafa ɗaya a sama. Na karya da ful, dafaffen wakensu, da burodi, na ƙarasa kasuwar a ƙasa. Ashe na yi sammakon banza, sai ƙarfe goma ake buɗe shaguna.

Khan Khalili

Wani mai shayi ya nuna min Ammu Fikri, dattijo mai sayar da tsofaffin kuɗi. Yana gani ya dafe kai.

"Wa ya kankare shi haka?"

"Ni ne, da tsamiya da toka. Kada in kawo maka abu da datti."

"Haram alaik! Wannan tsatsar ai ita ce shekarunsa!"

Kunya ta rufe ni. Ya ce ma'alish, wato ba komai, ya sa gilashi a ido, ya yi ta jujjuyawa.

"A Sarai aka buga shi, birnin sarakunan Mongol, can bakin kogin Volga. Ya haura shekara ɗari shida. Kuɗin talaka ne, na sayen burodi."

"Ayar fa, Ammu?"

"Babu aya, ɗana. Cewa aka yi, sha shida irinsa, azurfa ɗaya."

Har na koma Abbasiya da azahar ina tunanin ƙaryar da zan shirya wa tsohuwa.

Damagaram

Da hutu na iso gida. Na durƙusa gabanta, ƙaryar ta ƙi fita, na faɗi gaskiya tsaf. Sai Inna ta tuntsire da dariya har da hawaye.

"Sha shida ake so, ni ɗaya gare ni, na raya ku bakwai da shi? To ka ga dai Allah ne mai magani."

Ta karɓe abinta, ta jefa a kofin jikanta mai zazzaɓi. Alhamdu lillahi, Allah ya saka wa Ammu Fikri da alheri.