Yadda kifin ƙanƙara ya kusa kashe mini aure

Shekarun baya, tun muna cikin Jihar Sakkwato ba a yanke mana Kebbi ba, na yi haihuwar fari. Kamar yadda aka saba, da ciki ya tsufa aka zo unguwar Badariya a Birnin Kebbi aka ɗauke ni, aka kai ni gidanmu a Argungu, in haihu gaban mahaifiyata, in yi wankan jego, in an yi arba'in a maido ni ɗakina. Kowa haka ake yi masa. Ni nawa ne ya zo da gardama.

Mahaifina masunci ne, kakansa ma masunci. A unguwarmu in ya ce yau ba a shiga gulbi, to ba mai shiga. Ya ba maigidana ni ne don malami ne, yana koyar da lissafi a sakandare nan Argungu, duk inda ya gifta sai ka ji "Malam, Malam." Mahaifina yana son wannan abin ƙwarai. Bayan aurenmu aka tura maigidana kwas can kudu. Da ya dawo sai ya ajiye alli, aka ɗauke shi a wani ofishin aikin gona a Birnin Kebbi, aka ce shi ne shugaban ɗakin kwamfuta. Ni a aji huɗu na firamare aka cire ni, ban san mece ce kwamfuta ba, kuma ban taɓa taka ofishin ba. Abin da na sani shi ne abin da idona ya gani: tsakiyar bazara, mutane na kwana a tsakar gida don zafi, mijina yana fita aiki da suwaita a jaka, ya dawo yana jan hanci. Na ba mahaifiyata wannan labari don ta yi dariya. Ta yi dariyar, ta kuma kai wa mahaifina.

Sai ranar suna. Muna da wata maƙwabciya a Badariya, 'yar kudu ce, Hausa a bakinta kamar a nan aka yanke mata cibiya, tana da shagon kifin ƙanƙara a kasuwa. Don kirki ta ba maigidana kwali guda, ta ce gudummawarta ce ga mai jego. Shi kuma, da duk karatunsa, ya ɗauro kwalin nan a bayan babur, ya kawo shi Argungu, ya dire shi a ƙofar gidan masunci, gaban abokan mahaifina da suka zo raɗin suna. A ranar an dafa giwan ruwa da tarwaɗar da mahaifina ya kamo da hannunsa. Aka buɗe kwali, ga kifi sandararre, ido fari, ƙanƙara na narkewa tana bin ƙasa. Masunta suka dubi juna. Maigidana bai ce daga wa ya fito ba, don a ganinsa surutu gaban surukai rashin kunya ne.

Bayan kwana biyu ya dawo duba mu, mahaifina ya sa aka kira shi zaure. Na laɓe bayan zana ina saurare. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, kai a ƙasa.

Mahaifina ya ce, "Malam, an ce ka bar makaranta."

"Haka na, Baba."

"An ce ɗakin da kaka aiki sanyi gare shi."

"Haka na, Baba. Kayan ba su son zahi."

"In wuta ta ɗauke hwa?"

"Sai a tada janareta da sauri, Baba. In ba haka ba a yi hasara."

"Kayan ga, daga ina aka kawo su?"

"Daga ƙasar Turawa, Baba. Jirgin ruwa ka kawo su Ikko, sannan a ɗauko su a mota."

"Wa ya koya ma wanga aiki?"

"Mutanen kudu, Baba."

Mahaifina ya ce, "To. Allah shi rufa asiri. Tashi ka tahi."

Ni kuwa a bayan zana har murmushi nake, wai yau Baba ya nuna sha'awar aikin mijina.

Aka yi arba'in. Na wanke kayana, na ƙulle, aka yi mini kitso da lalle. Shiru. Wata ƙawata da muka haihu kusan tare aka mai da ita ɗakinta a Gulma, da gararta ta gari da mai. Ni shiru. Na fara lissafe-lissafe irin na mai jego: ko jinjirar ce aka ga wani abu a jikinta ake ɓoye mini, ko maigidana ne ya ce ba ya so. Na duba yarinyar nan tun daga tafin ƙafa har bayan kunne ya fi a ƙirga. Ruwan nonona ma ya fara ja baya don tunani. Da na kasa daurewa na tsare mahaifiyata a madafa.

Ta ce, "Babanki yac ce ba ki komawa. Yac ce shi malami yab ba ɗiya, ba mai tsaron gawar kihi ba."

Na ce, "Inna, wane kihi? Kwamfuta ta!"

"Ita kwamfutar mi taka yi?"

Na ce, "Ban sani ba."

"Kin gan ta da idonki?"

Ban gan ta ba. Abin haushin ma, da na koma ɗaki na zauna, sai ni kaina na fara kokwanto. Ga sanyi, ga janareta, ga jirgin ruwa, ga kwali. In ba kifi ba, me Turawa za su aiko wanda zafi ke lalatawa?

Ranar Asabar maigidana ya zo. Ban bari ya gama yi wa jinjira wasa ba.

Na ce, "Malam, ka san Baba ya ɗauka kihin ƙanƙara kaka saidawa? Ka san don haka aka riƙe ni?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya ga ban yi ba, ya daina.

Na ce, "Tashi ka je ka hwaɗa mai."

"Haba dai. Baba bai ce mini kihi ba. In tashi haka kawai in ce mai ba kihi na ba? Kamar na ce ya yi ƙarya ke nan. Ki bari, a hankali zai gane."

"A hankali har ɗiyar ga ta yi haƙora? To ni hwaɗa mini, mi kaka yi, in kai wa Inna."

Ya gyara zama, ya ce, "Sarrafa bayanai muka yi."

"Bayanan wa?"

"Na ofis."

"Ku sarrafa su su zama mi? Gari ko tsaki?"

Ya ce, "Abin da wuyar bayani, ba za ki gane ba."

Wallahi da ba ina riƙe da jinjira ba, ban san abin da zan yi ba. Mutumin da ya yi shekaru yana cusa lissafi a kan 'ya'yan mutane, ga aurensa na lilo, ya kasa haɗa magana biyu da Hausa. Can zaure kuma ga wani, yana da baki yana da suruki a gabansa, amma girma ya hana shi furta kalmar kifi. Ɗaya kunya, ɗaya girma, ni ce a tsakiya da goyo.

Ni ba ni da bakin yi wa mahaifina musu, mahaifiyata ma haka. Mutum ɗaya ce a duniya ke ɗaga masa murya, gwaggona, yayarsa, wadda ta goya shi. Na je na zube gabanta na yi kuka na gaske. Ta saurare ni tana taunar goro, sannan ta ce, "Ni ma na ga kwalin, ɗiyar ga. Amma kihi ba ya ɓoyuwa ga hanci. Mu je mu shinshina."

Ta sami ƙanenta ta ce zai raka ta Birni, za a yi wa jinjira allurar rigakafi, shi kuma ya sayo zaren komar kamun kifi. Ya ce akwai allura a Argungu. Ta ce, "Na tambaye ka?" Washegari da hantsi muna cikin mota. Ba mu aika wa maigidana ba.

Da muka isa ofishin, maigadi ya nuna mana wata ƙofa a ƙarshen baranda. Ga takalma jere a bakinta kamar masallaci. Mahaifina ya dubi takalman, ya dubi gwaggona, ya cire nasa. Ina kallon hancinsa yana motsi. Aka buɗe, sanyi ya buge mu, na yi maza na ƙara lulluɓe jinjira da zane. Ɗaki ne fes, labule a sake. Akwatuna farare a kan tebura, kowane da gilashi kamar talabijin, amma ba mutane a ciki, sai rubutu kore. Wata mata Bayarabiya, da za ta girmi maigidana, tana buga wasu maɓallai kamar na tafireta, ga maza biyu a gefe. A kusurwa wani inji yana ƙara yana amayo takarda mai huji-huji a baki.

Maigidana ya ɗago ya gan mu. Nan take ya zube ƙasa, da suwaitarsa, gaban mutanen da ke ce masa Oga. Su ma da suka ga Oga a ƙasa sai suka miƙe suka rasa inda za su sa kansu.

Mahaifina bai kula shi ba. Ya zaga ɗakin a hankali, ya leƙa bayan tebur, ya buɗe wani kabad, ya tarar da wasu faya-fayai baƙaƙe cikin ambulan. Ya shinshina ɗaya. Sannan ya juya wajen matar nan, don ita ba surukarsa ba ce, ya ce, "Baiwar Allah, ina kayan?"

Ta ce, "Wane kaya, Baba?"

"Waɗanda ba su son zahi."

Ta dafa akwatin gabanta. "Ga su. Wannan shi ke lissafa albashin ma'aikata, da shinkafa da albasar da aka noma a Augie da sauran garuruwa. Aikin da akawu goma za su yi wata suna yi, shi yini ɗaya."

Magana biyu! Abin da na yi ta roƙon mijina ke nan.

Muna tsaye sai wuta ta ɗauke. Gilasan suka mutu, injin kusurwa ya yi tsit. Matar ta dafe kai ta ce aikinta na tun safe ya tafi, ba ta adana ba. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Mutumin nan da ke durƙushe ya miƙe, da wata murya da ban san yana da ita ba: kai je ka tada janareta, kai kashe makunnan bango kafin wuta ta dawo da ƙarfi, kada kowa ya taɓa komai. Suka watse a guje. Matar tana ta "Oga yi haƙuri, laifina ne." Ya ce, "Ba yanzu ba. Ɗauko takardun, ki karanto, ni in buga, kafin la'asar mun mai da shi." Ya ja kujera ya zauna kusa da ita. Ya manta da mu sarai. Sai da janareta ya tashi ya tuna surukinsa na tsaye, ya sake zamewa ƙasa.

Muka fito baranda, zafi ya karɓe mu. Mahaifina ya sa takalminsa, ya daɗe yana kallon bishiyar dogon yaro. Gwaggona ta ce, "To, uban masu hanci, ka ji ƙarni?"

Ya ce, "Babu." Sannan ya ce, "Mutum shi bar koya wa ɗiyan mutane karatu, shi zo shi zauna cikin sanyi shina kallon talabijin da ba kowa ciki. Gara ma kihin, ana ci."

A raina na ce shi ke nan, yanzu kuma wani sabon laifi.

Sai ya ce, "Amma mutanenai na jin maganatai. Kuma da aka yi mai ɓarna bai zagi kowa ba. Na sha ganin koma ta yage, na san masu zagi." Ya dube ni a karo na farko tun safe. "Ki koma ɗakinki. Ki riƙa sa mai yaji a kunu, kar sanyi shi kashe shi a banza."

Ban bi su Argungu ba. Gwaggona ta ce ba a haka, sai an raka ni da gara kamar kowace 'ya. Na ce a aiko da garar daga baya. Tsorona kada a hanya ya sake tunani. Da zanen jikina da goyona na wuce Badariya, na karɓi mabuɗi wajen maƙwabciyar nan mai kifi, tana ta murna tana tambayata ko mutanen gida sun ji daɗin saƙonta. Na ce sun ji.

Abin da na ɗauka daga wannan, kunya aba ce mai kyau, da ita aka tashe mu, amma in maza biyu suka tsaya yi wa juna ita, mace ce ke biya. Mahaifina ya koma ga Allah bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Maigidana kuma gaba ya yi ta yi, daga wannan ɗaki zuwa Kaduna, daga nan wani babban wuri inda duk masu kwamfuta ke ƙarƙashinsa. Har yau in na tuna watannin nan sai na ji raina ya sosu.

Ranar da ya yi ritaya aka yi masa walima, aka kafa rumfuna, wani ya tashi da lasifika yana karanto tarihinsa: malamin lissafi, kwas a kudu, shugaban ɗakin kwamfuta, shugaban sashe, har zuwa sama. Sannan ya ce babbar baiwar Oga ita ce iya bayani, duk wuyar abu zai warware maka shi da harshen da za ka gane. Aka ɗauki tafi, matan da ke kusa da ni har da guɗa. Ni ban tafa ba. Daga can kan kujerar manya ya waiwayo yana nemana cikin mata, muka haɗa ido. Ya sunkuyar da kai.