Karyar Kawu da Baturen Karena

Ni mutum ne mai son a ga abuna a yaba, wannan ba na musu a kai. Shi ya sa lokacin da ɓarayi suka dame mu a unguwarmu a Gusau, ban nemi karen gida ba, sai na samo irin na ƙasar Turawa, wanda ake ce wa karen 'yan sanda. Ƙato ne baƙi mai ratsin ja, kunnuwa a tsaye, idan ya yi haushi har kwanon rufi yana amsawa. Yana da biyayya ta ban mamaki. In na ce zauna ya zauna, in na fita aiki ya kwanta bakin ƙofa, ba zai taɓa abinci ba sai ya ji ƙarar motata. Na so karen nan sosai, kuma na cika wa mutane kunne da labarinsa.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Bungudu, gonarsa tana gindin dutse. Shi ma yana da karya, ja, siririya, kana iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Wani maharbi na 'Yankuzo a ƙasar Tsafe ne ya ba shi ita tun tana kwikwiya, an yanke mata bakin kunnuwa yadda mafarauta ke yi. Ba ta haushi, ba ta kaɗa wa kowa wutsiya, ba ta shiga cikin gida. Kawu kuwa bai taɓa sa hannunsa a jikinta ba, saboda tsarkin salla. Kanzo da dusa zai zuba mata a wani fasasshen kasko, ya tura da ƙafa, ya wuce. Ni a ganina zaman haƙuri kawai suke yi da juna.

Wata damina Kawu ya faɗo daga kan rumbu ya karye a ƙafa. Na je dubiya na tarar da shi a zaure an ɗaure ƙafar da karare, amma ba ciwon ne ya dame shi ba. Masararsa ta yi goyo, saura 'yan kwanaki a karya, rumbu kuma babu komai ciki sai ƙura. Wannan masarar ce za ta riƙe gidan har gero ya nuna. Birai kuwa sun san lokacinta fiye da mai ita. Kullum shi da karyar ke wuni a gona suna tsaro, ga shi yanzu ko bayi sai an riƙe shi.

Nan take bakina ya rigaye hankalina. Na ce ya kwantar da hankalinsa, ina hutu, zan kawo karena mu tsare gonar, birin da ya ji muryarsa sau ɗaya ba zai sake saukowa ba.

Washegari na dawo da karen a bayan mota. Yara suka watse, awaki suka tsinke igiya. Kawu ya leƙo ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Wanga Baturen naka, mi shika ci?"

Na ce shinkafa da nama.

Ya ce, "To, Allah shi ba mu lahiya. Ya san biri?"

Na yi dariya na ce yau biri zai san shi. Sai na kawo shawarar da har yau nake jin kunyarta. Na ce a ɗaure tsohuwar karyar a gida, kada su haɗu su yi faɗa nawa ya ji mata ciwo. Kawu ya dubi inda take kwance gindin darni, sannan ya ce tunda ni ne mai tsaro, in yi yadda na gani. Ni da kaina na ciro sabuwar igiya daga mota, aka ɗaure ta a turken jaki.

Ranar farko, hantsi na dubawa, wani ƙaton gwaggon biri ya sauko ya zauna a kan dutse a gefen gona yana sosa ciki. Karena ya gan shi, ya saki haushi, ya zabura. Gaskiya gudun nan abin kallo ne, har tafi na yi. Birin ya tashi ba gaggawa, ya hau sama kaɗan ya tsaya, kare ya matso, ya ƙara hawa. A haka ya ja shi har suka ɓace mini. Ina tsaye ina jiran ganin nasara sai na ji ƙaras-ƙaras a bayana. Sauran biran ne, mata da 'ya'ya, sun shigo ta ɗaya gefen, kowa yana karya masara yana cusawa a hammata. Na bi su da jifa ina ihu, takalmina ɗaya ya maƙale a laka. Can karena ya dawo, harshe a waje, ƙaya ta cika masa ƙafa, ya kwanta a gabana yana dubana ko zan yaba masa.

Rana ta biyu ma haka aka yi, babu abin da ya canza sai yawan ɓarnar. Da yamma Kawu ya tambaye ni kunyar masara nawa suka taɓa. Na faɗa masa, na ɗan rage. Sai ya dubi matarsa da ke tankaɗen sauran garin da ya rage a ƙwarya. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Karyar kuma kwana biyu ba ta kalli kaskonta ba, tana kwance fuskarta na kallon dutse.

Rana ta uku na isa gona na tarar da ita a can. Ta cinye igiyar da haƙori, guntun yana reto a wuyanta. Tana kwance a kan wani suri a tsakiyar masarar, inda take ganin kowace kusurwa. Karena ya nufe ta da gurnani, ta ɗaga leɓe kaɗan ta nuna masa haƙori ɗaya, sai ga ƙaton nan ya koma bayana.

Gwaggon birin ya sauko kamar kullum, nawa ya bi shi kamar kullum. Ita ko kai ba ta ɗaga ba. Sai da matan biran suka sa ƙafa a kunyar farko ta sulale daga surin, ba sauti, ta ɓullo a gabansu. Suka watse da kururuwa. Ba ta bi su ko taku goma ba, ta koma kan surinta. Sau huɗu suna gwadawa ta gefe daban-daban, sau huɗu suna tarar da ita. Na zauna a kan kunya baki buɗe, ban taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba.

Bayan azahar babban ya gane abin da ke faruwa. Ya bar karena can sama, ya zagayo ya faɗo mata da kansa. Ya ninka ta girma, amma ba ta ja da baya ba. Suka turmushe cikin masara, na ruga da sanda ina ihu. Ihuna ne ya dawo da karena. Shi bai damu da masara ba, amma ya ji muryata cikin tashin hankali, ya gangaro dutsen nan kamar an harbo shi, ya bangaje birin da ƙirji. Birin ya tsere da ɗingishi, kuma har aka karya masarar ba su sake saukowa ba. A ranar na gane ni karena yake tsaro, ita kuwa gona take tsaro, kowanne kuma ya cika aikinsa.

Ta ja jiki ta koma kan surin, kafaɗarta a tsage, jini na zuba. Na matsa in ɗauke ta, ta yi mini gurnani, kuma tana da gaskiya. Na koma gida na faɗa wa Kawu. Ya ce a ɗora shi a jaki. Matarsa ta ce ƙafar fa, ya ce, "Ƙahwa ta jira."

Da muka isa, ya sauko da ƙyar, ya ja gindi har gindin surin. Ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa, ya sa hannu biyu ya ɗauke ta ya naɗe. Mutumin da bai taɓa shafa kanta ba ya rungume ta a ƙirji har gida, yana ce mata, "Sannu, tsohuwa, sannu." Ya wanke ciwon da ruwan gishiri, sannan ya yi wanka ya sake riga ya yi la'asar a zaune. Ni dai na juya baya don kada a ga idona.

Ta warke, da ɗingishi, kamar mai ita. Masarar da ta tsira ta kai su har gero. Ranar da zan koma Gusau aka zuba mini ɗanyar masara a bayan mota, har da ƙashi don karena. Na tayar da mota, sai Kawu ya dogaro sanda ya miƙo mini wani abu ta taga. Guntun igiyar ne, duk shaidar haƙori.

Ya ce, "Tahi da abinka, ɗana. Mu nan ba mu da abin ɗaurewa."

Igiyar tana nan rataye a ƙusa a ƙofar ɗakin karena.