Baffa Malam da Sandar Akwatin Tukur

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Baffa Malam, kuma ni dai ban ga dalilin da za a ce sai ni zan rubuta wannan ba. Gidanmu na Kusfa akwai mai digiri, akwai masu ba da karatu a zaure. Ni daga aji uku na sakandare na tsere. Amma yayana Tukur ya tare ni a bakin masallaci, wai ni na fi kowa baki. Na dube shi da kyau, don duk ranar da Tukur ya yabe ni akwai abin da ya binne. Haka ya jawo ni cikin maganar akwatin nan tun farko, ina zaman zamana.

Baffa wan mahaifinmu ne, shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifin namu. Allah ya jiƙansa, ban taɓa ganin mutum mai zargi kamarsa ba. In ka tsawaita gaisuwa sai ya ce me ka fasa. In ka riga shi zuwa sallar asuba sai ya tambaye ka daga ina kake. Labaran rediyo ma sai ya ji tasha biyu, don ya kama wadda ta yi ƙarya.

Tukur gyaran rediyo da talabijin yake yi. Baffa ne ya yarda aka fasa katangar gida ta waje aka yi masa shago, da sharaɗi ɗaya: ranar da abin kunya ya shiga shagon, ranar za a toshe ƙofar da tubali. A lokacin Tukur da matarsa da jaririyarsu, da shagon nan suke ci.

To wani malamin makaranta ya kawo masa injin wasan talabijin gyara, abin riƙewarsa ya karye, aka rasa irinsa har Kano. Mutumin ya gaji ya bar masa. Maimakon Tukur ya cire wayoyi ya huta, sai ya sa wani kafinta a Kwarbai ya haɗa masa akwati mai tsawon mutum, ya cusa ƙaramar talabijin a sama, injin a ciki. Saura abin da za a riƙa juya ɗan mutumin da ke gudu a gilashi da shi. Nan aka yi sati uku. Ya gwada maɓallan rakoda, suna maƙalewa. Ya gwada na ƙararrawar ƙofa, waɗannan suka yi, ya ajiye guda biyu. Sandar juyawa kuma ya samo giyar wata tsohuwar mota wajen masu gwangwan, doguwa mai dunƙulen kai.

Hoton da ke kwalin injin ya nuna sanda a hagu, maɓallai a dama. Tukur ya ce shi sam. Gidan malamai, a koya wa 'ya'yan unguwa kama abu da hagu? Wannan aikin Turawa ne, su da ko abinci da hagu suke ci. Sai ya ɗaura sandar a dama, kuma da yake doguwa ce ba ta zauna a gaba ba, ya kafa ta a gefen akwatin, tsaye.

Ranar da na leƙa, kallo ɗaya na gane abin da ya ƙera. Duk wanda ya taɓa shiga wasu ɗakuna a Sabon Gari ya san abin da ke da dogon hannu a gefen dama. Kalokalo ke nan, injin caca. Tukur bai taɓa ganin kalokalo ba, garin tsoron Allah ya ƙera ta da hannunsa. Na yi shiru, don in na faɗa za a ce ina na sani.

Wasu ba su yi shiru ba. Kafin Juma'a magana ta kai har Limancin Kona cewa an buɗe gidan caca a gidan Malam. Baffa ya aika a kira magini. Sannan ya aika a kira ni.

Bayan la'asar ne. Baffa na kan kujera a ƙofar shago, magini na tsugune a gefe da cebur, Tukur ya sunkuyar da kai. Tun daga nesa na gane an sayar da ni.

"Bala," in ji Baffa, "yayanka ya ce kai ka san kalokalo."

"Ni, Baffa? A bakin mutane dai nake ji."

"To shi ke nan. Tun da babu wanda ya sani, zan bi maganar mutane. Malam magini, kwaɓa ƙasa."

Na dubi Tukur, idonsa ya yi ja. Na rantse a raina sai na rama, sannan na ce, "Baffa, na taɓa rakiya."

"Sau nawa?"

"Rakiyar dai tana da ɗan yawa."

Ya ce in yi bayani. Na ce kalokalo baki gare ta, sai ka jefa mata sule take motsi, ka ja hannun sau ɗaya ka koma gefe kana addu'ar da ba za a karɓa ba. Wannan kuwa ba ta ci, ba ta amai, in ɗan mutumin ya faɗa rami hannunka ne ya jefa shi. Baffa bai yarda ba. Ya tashi ya zagaya akwatin yana shafawa da tafin hannu, yana neman bakin. Ya sa aka kwance bayan, ya zura kai ciki da tocila. Ya ce a jijjiga ya ji ko wani abu zai yi ƙara. Sannan ya kama sandar da kansa, ya jefa ɗan mutumin a rami sau huɗu, ya ce Tukur ne ke taɓa wani abu ta baya.

Yanzu in na bi ta Tudun Wada na ga shagunan wasa a jere, yara sun cika benci kowa da ɗan abin dannawa a cinya, sai in tuna shi. Na san da yana raye ba zai ce a rufe ba tukuna. Zai shiga, ya tambayi mai shagon sunan ubansa, ya bi waya da hannu har inda ta ƙare, ya tambayi yaran wa ya yi azahar. Mu yanzu abu biyu muka iya: ko mu ji a bakin wani mu tsine, ko mu gani a hannun wani mu saya. Shi zarginsa aiki ne, har da gumi. Kuma ni da nake ganin ya takura mini, tun daga ranar ban sake taka ɗakunan nan ba. Bai dake ni ba, bai ko yi faɗa ba. Kullum dai in zan fita sai ya ce, "Rakiya za a je?"

Abin da ya bar mana ke nan, a ganina. Littattafansa suna wajen masu karatu. Mu marasa karatu mun gaji leƙa bayan akwati.

A ranar dai magana ba ta ƙare a leƙe ba. Baffa ya ce ya yarda ba caca ba ce, amma mai wucewa ba zai zura kai ciki ba, hannun zai gani. Ko a sauke shi ko a toshe shago. Na ce ai da sauƙi: a yanke sandar ta dawo kamar ɗan yatsa, a dasa ta a gaba ta hagu, maɓallan ƙararrawa a dama, yadda kwali ya nuna. Sai Tukur, mutumin da magini ke jira, ya miƙe da gardama. Wai shi ba zai sa hagu ba. Ya fara jawo wa Baffa karatun da Baffan ne ya koya masa, a ci da dama, a karɓa da dama, a shiga masallaci da dama. Na ce Yaya ka yi shiru, ya ce ɗan caca ba zai koya masa addini ba. Na ce ɗan cacar ne dai ya hana a kwaɓa ƙasa. Muka kaure, har mata suka fara leƙowa ta soro.

Baffa ya bar mu sai da muka gaji. Ya sallami magini, ya sa takalmansa, ya dubi Tukur.

"Dama ta alƙalami ce da tuwo. Kai wannan shiriritar taka har ta kai a ba ta dama? Sa mata hagu."