Butar Inna a Bushe

Ni ce auta, ni kaɗai nake iya tsare Inna da tambaya. Shekarar da na je wankan haihuwar fari gidanmu a Bukkuyum, na lura butarta tana yini gindin randa a bushe. Ni jego ya hana ni salla, ita fa? Matar da ko zazzaɓi bai taɓa kwantar da ita lokacin azahar ba!

Na same ta tana tankaɗe.

"Inna, mi ya hana ki salla?"

Ta waiga hagu da dama. "Ke, rufa min asiri. Al'ada ce ta dawo."

Inna ta haura sittin, rabonta da wannan abu tun ina goye.

"Kwana nawa?"

"Tara. Ba ciwo ko kaɗan. In na yi fitsari nika ganinai."

Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba, Allah ya yafe mini. Washegari na goya jaririna, na sa ta gaba muka shiga mota zuwa asibiti a Gummi, tana ta mita wai zan tona mata asiri gaban maza.

Aka ba ta 'yar kwalba ta kawo fitsari. Da ta fito da ita sai na ga abin kamar ruwan zoɓo. Duk zaman jiran nan ina roƙon Allah ya sa tsargiya ce, wadda yaran garinmu ke kwasowa a rafi. Aka auna, babu ita, babu sanyin mara.

Likitan ya dube ni, ya rage murya. Ya ce jinin ba na al'ada ba ne, daga mafitsara yake ko ƙoda. Jini ba ciwo ga mai shekarunta ba a wasa da shi, ƙila tsakuwa ce, ƙila kuma ciwon daji. Sai mun je Sakkwato an ɗauki hoto, an leƙa ciki.

Daji. Na ji kalmar har cikin ƙashina, hawaye suka zubo mini.

Inna ta gyara mayafi ta ce, "Likita, ke nan ina iya salla?"

Ya ce ƙwarai kuwa.

Wallahi murmushi ta yi. Ta fita ta ari buta wurin wata mai jinya, ta shimfiɗa ɗankwali gindin dalbejiya, ta fara rama sallolin da suka kuɓuce mata. Na tsaya bayanta riƙe da takardar Sakkwato, ina tunanin salla nawa suka rage mata.